Motar da Ta Kai Tabawa Tibiri

Makon jiya Hadiza ta dawo daga taron Zumuntar Mata Ma'aikata da hoto a hannu, cikin waɗanda aka wanke aka raba wa mahalarta. Ta ɗora mini shi a cinya tana murna. Baƙar mota ce tsaye a ƙofar ɗakin taro, mata sun jeru a gabanta da ɗaurin kallabi irin na zamaninmu, an rubuta a ƙasa wai ranar da Zumunta ta kai ungozomarta ta farko Tibiri. Da ta dubi fuskata, sai murnar ta ragu. Ta ce a cikin jawabi an ambaci wata malamar lakwal, wato makarantar boko, mai zafin kai, wadda ta kusa kashe ƙungiyar jim kaɗan bayan ɗaukar hoton.

"Inna, wai ke ce?"

Ni ce. Kun san ni, ku 'ya'yana, ban iya faɗa da baki ba. In raina ya ɓaci muryata ke fara gudu ta bar ni, shi ya sa mutane suka daɗe suna yi mini kallon mai haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Shekara da shekaru ina ganin hoton nan rataye a bangonsu ina wucewa. Amma tunda har ya shigo ɗakina ya hau cinyata, zan rubuta muku abin da aka yi, kowa ya karanta ya ajiye.

Kafin a yi Zumunta akwai rakiya. Tun a tsohon garin Maraɗi, can cikin kwari, kafin ruwa ya cinye shi a tayar da mu zuwa tudu, matan da ke fita neman na kansu suna da wata al'ada. Duk macen da za ta fara sana'a a waje, ko rumfa ce a kasuwa, ko tsintar gyaɗa a filin kanti, ko reno a gidan Bature, ba ta zuwa ita kaɗai ranar farko. Mata masu sana'a za su je gidansu su roƙe ta wurin babban gida, uba ko miji, ya ce ya ba su. Su ɗauki kayan aikinta a kai, ita ba ta riƙe ko tsinke, su bi da ita ta hanyar da ta fi mutane, a ƙasa, ana guɗa. In an isa, babbarsu ta ce, "Ga tamu mun kawo. Tana da uwa, tana da uba, tana da mu." Daga nan ba mai zama, ba mai shiga inuwa, sai wata mace ta wannan wuri ta fito da ruwa ta ba su. Wadda ta kawo ruwan ta zama uwar ɗakinta a can. Shi ke nan, ba takarda, ba hatimi. Amma a garin da in mace ta fita kullum da safe ake fara tambayar wa take zuwa gani, wannan tafiya ita ce suturarta. Wanda ya ga an wuce da ke cikin guɗa ba zai iya cewa bai san gidan da kika fito ba.

Gwaggo Hajo, yayar babana, mai man gyaɗa, ita ce ta ƙarshe da ta riƙe waɗannan kalmomi. Da aka dawo tudu aka yanka unguwanni da igiya, layi-layi, maƙwabciyar jiya ta koma ƙarshen gari, sai rakiya ta mutu ba tare da wani ya yi mata zaman makoki ba. Don haka ni ban samu ba. Ranar da na fara koyarwa a lakwal ɗin 'yan mata, ni kaɗai na fita, littattafaina a ƙirji, kaina cike da waƙoƙin da nake so in koya musu. Yarinya ce ni mai yawan kallon sama, nakan tsaya a hanya don kallon balbela. A kwanar kasuwa wani daga cikin mazan da ke zaune a dakali ya ce, ba tare da ya rage murya ba, ga wata kuma an ba Nasara. Suka yi dariya. Na koyar ranar, ban san abin da na koyar ba. Da yamma Gwaggo ta same ni a bayan rumbu ina kuka, ta ji dalili, ta juya kan babana, wanda akawu ne a biron kumandan, ofishin Baturen da ke mulkin garin.

"Ka saki yarinya a titi kamar akuyar da ba mai ita. Boko ne ya ce haka?"

"Yaya, zamani ya sake."

"Bakin mutane bai sake ba."

Wannan magana ce ta tashe ni. Na fara bin matan da na san suna fita aiki, ɗaya bayan ɗaya. Barira mai ɗinki a Sabon Gari, wadda ta sayi keke amma ta kasa fitar da shi rumfa saboda tsoron abin da za a ce. Wata da ke haɗa waya a gidan waya. Masu taimakon likita, da dillalan atamfa, da malamai 'yan'uwana. Kowacce na taɓa sai in tarar tana da nata dakalin da nata mazan. Muka fara haɗuwa a tsakar gidan Gwaggo, inuwar itacen bedi, kan tabarmi. Barira muka fara rakawa, keken ɗinki a kanmu bi da bi, wuyana ya yi kwanaki yana ciwo. Da wata mai fura ta fito mana da ruwa a ƙofar rumfar, Gwaggo ta sha ta goge baki ta ce ashe rakiya ba ta mutu ba, suma ta yi. Kafin damina ta kama, tabarmi sun yi mana kaɗan. Ta bakin malamar lakwal ne mai ɗinki ke samun ɗinkin rigunan 'yan lakwal. Ta bakin mai haɗa waya ake jin inda ake neman ma'aikaciya tun kafin labari ya fita. Wadda aka tsananta mata a wurin aiki ta san inda za ta kai kuka, washegari a ga mata sun je gaishe ta a gaban maigidan aikin, ba su ce masa komai ba sai ina kwana, shi kuma ya gane.

A wannan lokaci Madam Salamatu ta shigo. Zan faɗi gaskiyarta ko da raina na ƙuna. Babbar ungozoma ce, ta yi karatu a ƙasar waje, hannunta ya ceci mata da yawa a garin nan, kuma ta fi mu duka sanin yadda ake magana da masu mulki. Ita ta ce ƙungiyar da ba ta da takarda iska ce ke ɗaukar ta. Ita ta samo mana takarda da suna, ta samo mana ɗakin taro a bariki mai benci da tebur, ta sa matar kumandan ta yarda a kira ta uwar ƙungiya. Muka zaɓe ta shugaba, ni ma na ɗaga hannu. Sai dai tun daga ranar da muka hau benci, masu man gyaɗa da masu fura suka fara zama a baya, daga baya suka koma bakin ƙofa, daga bakin ƙofa suka daina zuwa, don rabin maganar da Faransanci ake yi. Kuma zamanin jam'iyyu ne, kumandan ya hana taro ya bi titi sai da izini. Madam Salamatu ta ce a ɗan jingine guɗa tukuna. Ni lokacin hankalina rabi yana wani wuri. An sa sunana cikin waɗanda za a tura ƙarin karatu Senegal bayan kaka, makarantar kuma a bakin teku take. Ban taɓa ganin teku ba. Nakan je bakin gulbi in ya cika, in rufe ido ɗaya in share wancan gaɓar da yatsa, in ce haka yake.

Tabawa 'yar Jiratawa ce, daga gidan anna masu bin addinin kakanni, ubanta manomin albasa a fadama. Mijinta ya rasu ya bar ta da ƙuruciyarta. Ta koyi karɓar haihuwa a hannun kakarta, Madam Salamatu ta ɗauke ta ta ƙara mata na likita, har aka ba ta aiki a ƙaramin likitan Tibiri, wato asibitin garin. Ba garinta ba ne, ba ta san kowa a can ba, ba ta salla, ba ta da miji. In akwai macen da ta taɓa buƙatar rakiya a duniya, ita ce. A taro na tashi na ce haka. Madam Salamatu ta yi murmushi irin na babba ga yaro.

"Zuwaira, za a raka ta, rakiyar da ba a taɓa yi wa kowa ba. Matar kumandan ta ba mu aron motar mijinta. Don me tamu za ta isa da ƙura a ƙafa kamar mai tallar nono?"

"Ƙurar ita ce shaida, ranki ya daɗe. Wa zai faɗi kalmomin? Wa zai jira ruwa?"

"Akwai famfo a likita," in ji wata daga gaba. Aka yi dariya.

Aka yi shayi, aka kira mai hoto. Shugabanni suka tsaya gaban mota aka ɗauka, suka koma ciki wurin matar kumandan, don ba a barin uwar ƙungiya zaune ita kaɗai. Direba ya ja. Tabawa ce kaɗai a baya da akwatin aikinta. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, cikin matan da ke ɗakin nan babu wadda aka haifa a Faransa. Dukansu sun san motar nan. Sun san cewa daga Maraɗi har Tibiri yaro ma ya san ta, kuma ya san baƙar mace ba ta shiga bayanta ita kaɗai sai da dalili guda. Sun sani tun suna goye. Benci ne ya mantar da su.

Ban je Tibiri ba sai da gero ya fara kai. Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakin haihuwa, ɗakin a share tas, ba kowa ciki. Ta rame. Ta ce tun ranar da ta sauka a tsakiyar gari, direba mai kakin soja ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, aka raɗa mata suna Ta-Mota. Ba wadda ta taɓa kiran ta haihuwa. In ta je rijiya sai a janye guga a jira ta tafi. Wata mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, dangin suka gwammace su ɗora ta a amalanke zuwa Maraɗi da su bari hannun Ta-Mota ya taɓa cibiyar ɗansu. Malamin likita, mutumin kirki, ya gaya mata ba yadda zai yi, in aka yanke gero ɗakin na nan wayam zai rubuta cewa ba a buƙatar ungozoma a Tibiri, a rufe.

"Malama, ni aikin ma ba shi ya fi damuna ba," ta ce. "Sunan ya riga ni zuwa Jiratawa. In na koma, a wace zan koma?"

Na kai maganar taro. Na ce mu muka ɓata, mu gyara, mu yi mata rakiya ta gaskiya. Madam Salamatu ta ce in muka fita titi ba izini za a karɓe ɗaki da takarda, izini kuwa ba za a bayar ba. Ta ce mutanen ƙauye ne, za su saba. Ta ce ba a rushe gida don a ceci tukunya ɗaya. Na duba fuskokin matan da na ɗauki kayansu a kaina, kowacce tana kallon tebur. Wannan kalma ta tukunya ban yafe ta ba, kuma kada wani cikinku ya zo ya ce mini wadda ta faɗe ta ta rasu. Na sani. Na je gaisuwa.

A gida aka yi ta. Gwaggo ta ce ba a raka wanda ya riga ya isa, sai dai Tabawa ta tattara ta koma gidan ubanta, a ɗauko ta daga tushe kamar ba ta taɓa zuwa ba. Kuma sai ranar kasuwar Tibiri, don idon gari duka ya gani. Ranar kasuwar ranar lakwal ce. Hanya daga Jiratawa zuwa Tibiri kuwa ta cikin Maraɗi ta bi, ta gaban biron kumandan. Babana ya ajiye cokali. Uwata yake kira na, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, kin san a kan teburin wa takardar tafiyarki Senegal take?"

"Na sani, Baba."

"Ni na buga ta da hannuna. Saura sa hannu kawai. Ki bari ki tafi ki dawo, sannan ki raka duk wadda kika ga dama."

"Kafin nan an yanke gero."

"To ke kika sa ta a motar?"

Gwaggo ta ce masa ai shi ma ba shi ya haƙa rijiyar da yake sha ba. Suka kaure, yaya da ƙane, har kaji suka watse. Innata ba ta sa baki ba. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye a gaban mutane. Tana kwashe kwanuka, ta dubi bango ta ce:

"A gaya wa mai tafiya ta sa tsofaffin takalma. Sababbi na cizo."

Muka kwana Jiratawa, mu kaɗan ne: ni, da Gwaggo, da Barira, da wasu masu man gyaɗa da masu fura, waɗanda benci ya kora. Da asuba muka tsaya ƙofar gidan uban Tabawa muka roƙe ta. Tsohon ya daɗe yana kallon mu, fartanya a kafaɗa. Ya ce wancan karon ba wanda ya tambaye shi, a kasuwa ya ji wai ɗiyarsa ta shiga mota. Sannan ya ce ya ba mu, in can sun ƙi ta mu maido masa abarsa da hannunmu, kada a aiko ta. Na ɗauki akwatin aikin a kaina. Gwaggo ƙafarta ba ta kai wannan nisa, aka ɗora ta a jaki, Barira ta ce ai an karya doka, Gwaggo ta ce jaki ma da ƙafa yake tafiya. Hanyar fadama ta yi laushi da ruwan jiya, gero ya fi mu tsawo dama da hagu, raɓa na zuba mana a wuya. Ba na jin na taɓa ganin safiya mai kyau kamar wannan, kuma na tafi cikinta ina tafasa.

A Sabon Gari muka fara yawa. Mata suka ji guɗa suka leƙo, wasu suka tambayi wa ake rakawa, suka ja ƙofa suka biyo mu da zanen aiki. Mai haɗa waya ta fito daga layi ta shiga tsakiyarmu ba ta dubi kowa ba. A gaban biro gardi, ɗan sandan kumandan, ya tare hanya da sanda.

"Ina takardarku?"

"Ɗana, amarya muka ɗauko," in ji Gwaggo daga kan jaki.

"Amarya ba lalle? Ina angon?"

"Yana Tibiri, yana cikin cikin uwarsa, ita za ta fito da shi."

Mata suka kwashe da dariya, shi ma ya kusa. Amma ya ce dole ya kai sunan mai taron. Gwaggo ta buɗe baki, na riga ta, don ita in aka hana ta rumfa ba ta da abin ci. Na faɗi sunana da na ubana da lakwal ɗin da nake. Ta ƙarƙashin akwatin na hango babana tsaye a barandar biro, takardu a hannu. Bai kira ni ba, bai kuma shiga ciki ba. Yana nan tsaye har muka wuce.

Mun shiga Tibiri rana ta karkata, kasuwa na ci. Gwaggo ta sauka daga jaki tun a bakin gari. Muka ratsa ta tsakiyar rumfuna, Tabawa a gaba hannu sake, ƙafafunta sun yi ja da laka har ƙauri. Ina jin sunan yana bin mu daga rumfa zuwa rumfa, Ta-Mota, Ta-Mota. A ƙofar likita muka tsaya. Gwaggo ta dogara sanda ta faɗi kalmomin, ta ƙara da sunan uban Tabawa da na kakarta da unguwarsu a Jiratawa. Ba wadda ta fito da ruwa. Mutane suka yi mana zobe daga nesa. Ga inuwar bango kusa da mu, taku kaɗan, ba mai ikon shiga. Malamin likita ya fito da buta, Gwaggo ta ce ya yi haƙuri, ruwan namiji ba ya cikin lissafi. Akwatin ya fara nutsa mini cikin ƙoƙon kai. Wata cikin masu fura ta fara layi, aka riƙe ta. Na tuna alkawarin da muka yi wa tsohon, na fara tunanin yadda za mu juya da ita ta cikin kasuwar nan.

Wata tsohuwa mai daddawa, Kaka Jimma, ta taso daga rumfarta ta zo har gabanmu. Daga baya na ji ita ce ta fara raɗa sunan.

"Mi kunka zaka yi? Ai mota ta riga ku."

"Mota kaya ta kawo," in ji Gwaggo. "Mu mutum muka kawo."

Tsohuwar ta matso kusa. Ta sunkuya tana duban ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai taya awaki. Ta daɗe a kan na Barira, da suka fashe suna jini. Ta ɗago ta tambayi Tabawa ko kakarta ita ce mai karɓar haihuwar nan ta bakin fadama, mai guntun yatsa. Tabawa ta ce ita ce. Tsohuwar ta juya ta tafi, ta shige wani lungu. Na ji Barira ta ce a hankali, shi ke nan. Ba mu motsa ba don Gwaggo ba ta motsa ba. Can sai ga ta ta fito, tana tafe a hankali don kada ya zube, ƙwarya cike a hannu biyu. Ta wuce Gwaggo, ta wuce ni, ta miƙa wa Tabawa.

"Sha, ɗiyata. In kin huta ki zaka ki duba mini matar ɗana, ƙafafunta sun kumbura."

Da ƙwaryar ta zagayo kaina, na sauke akwatin na karɓa. Sama na cikin ruwan tana rawa, gefe zuwa gefe, ba gaɓa, kamar tekun da nake zato. Na daɗe ina kallo kafin in sha, har Barira ta zungure ni.

Sauran kun san wasu, ba ku san wasu ba. Takardar Senegal ba a sa mata hannu ba. Aka ce na bar aji ba izini, na jagoranci taro ba izini, aka tura ni wata lakwal a ƙauye inda na yi shekarun ƙuruciyata, inda na haɗu da babanku. Babana aka yi masa faɗa a gaban ƙananan akawuna, ya daɗe ba ya cin abinci da kowa, amma ranar da zan tafi shi ya ɗauki akwatina har tasha, a kansa, akawu guda, mutane na kallo. An rufe wa Zumunta ɗakin taro na wani lokaci. Suka zauna suka kore ni don a buɗe musu, aka buɗe. Wannan shi ne kusan kashe ƙungiyar da aka gaya wa Hadiza. Ba a gaya mata cewa a watannin da ɗakin ke rufe mata suka koma tabarmin Gwaggo ba, har da na Tibiri da na Jiratawa da suka ji labari suka zo neman a raka su, kuma da waɗannan matan Zumunta ta cika ɗakinta da aka buɗe. Madam Salamatu ta karɓe su hannu biyu, ta iya karɓar mutane. Mun haɗu da ita a suna da biki ba iyaka bayan haka. Kullum sai ta tambaye ni lafiyar yara. Ko sau ɗaya ba ta ce, Zuwaira, motar nan kuskure ce ba. Da ta faɗa, da ban rubuta wannan ba.

Tabawa ta yi aiki a Tibiri har idonta ya raunana. Sunan Ta-Mota bai bar ta ba, sai dai ya juye, ya zama sunan da ake kira da gudu in naƙuda ta tashi. Teku kuwa ban gan shi ba har yau. Ɗan'uwanku Sani ya ce zai kai ni, na ce ya bari, ba wannan nake so ba, wancan nake so, na waccan shekarar, kuma shi an riga an shanye.

Tafiyarmu ba ta da hoto, ba wanda ya kira mai hoto. Wannan da ke hannunku shi kaɗai ya rage, don haka ku dube shi da kyau. Ku bar matan da ke gaba. Ku dubi tagar baya ta motar, za ku ga fuska ba ta fito sosai ba, da tafin hannu manne da gilashi. A taro sun ce wa Hadiza wai tana ɗaga wa 'yan'uwanta hannu ne. Na tambayi Tabawa da kaina, muna zaune ƙofar ɗakin haihuwa tana wanke almakashi. Ta ce ba ta taɓa shiga mota ba sai ranar. Wurin buɗe ƙofa take nema.